Yatsa Biyu a Gindin Tanki

Ranar Talatar nan da ta wuce, da misalin ƙarfe tara da kwata na safe, duk wanda ya bi ta hawan da ke bayan kasuwar katako ya ga wani magidanci mai sanƙo durƙushe a bayan wata 'yar ƙaramar mota, tiyo a baki, yana zuƙa yana tofarwa, ido ya yi jajur, wata tsohuwa kuma tana tsaye a kansa tana cewa, "Ƙara ja, ba ka iya ba." To, kada ku wahalar da kanku da tambaya. Ni ne. Tsohuwar kuma surukata ce, matar da na shekara ashirin da uku ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba. Bawan Allah da ya rage gudu ya ɗauke ni hoto da waya, na yafe masa, sai dai ina roƙo idan zai yaɗa ya yanke wajen wandon, don ya jiƙe sharkaf.

Bari in faro muku daga tushe, don kada ku ɗauka shaye-shaye na fara da girmana.

Ina da mota. Na san wasu maƙwabtana za su yi gardama a kan wannan kalma, amma takarda ta ce mota ce. Ta girmi babbar 'yata, wadda yanzu take goyon na biyu. A gida Dattijuwa muke ce mata, kuma muna yi mata ladabin da ya dace da sunan: ba a buga mata ƙofa, ba a yi mata tsawa, ba a tashe ta da safe sai an lallaɓa. Allurar da ke nuna yawan mai ta kwanta a kan rabi shekara tara ke nan, ba ta sake motsi ba. Tanki ya cika, rabi. Tanki ya bushe ƙayau har gizo-gizo ya yi saƙa, rabi. Ban taɓa ganin wadda ta cancanci kujerar mai magana da yawun manya irinta ba.

Makanikena, wanda kowa ke kira Sifana, shi ya samo mana mafita. Ya ɗaga kujerar baya, ya cire matacciyar na'urar daga saman tanki, ya bar mini rami mai murfi, ya ce, "Yallaɓai, daga yau idonka ne geji." Na samo sandar wata tsohuwar laima na yi mata tsaga huɗu da wuƙa. Ta sama sunanta Wadata, kuma tun ranar da na yi ta mai bai taɓa kai mata ziyara ba. Ta biyu Lallaɓa. Ta uku Addu'a. Ta ƙarshe, yatsa biyu daga ƙasa, ita ce Ajiya.

A fannin tattalin mai kuwa, ba yabon kai ba, da ana ba da digiri da yanzu ni ke koyar da masu koyarwa. Na cire safaya taya da jak na ajiye a gida, saboda nauyi. Ba na taka birki sai na ga dalili mai ƙarfi, don duk birkin da ka taka man da ka riga ka ƙona ne ka zubar. Na taɓa jefa ƙwayar kafur uku a tanki saboda wani direba ya rantse mini tana ƙara nisa; nisa bai ƙaru ba, amma sati biyu ba mu ga kyankyaso a unguwa ba. Na san kowace gangara ta garin nan kamar yadda na san aljihuna. Da na hango ta sai in kashe inji, in saki giya, mu sulale shiru kamar ɓarayin kaji. Matsala ɗaya ce na kasa magancewa: duk gangarar da ka sauka da safe kana murmushi, tana nan tana jiran ka da yamma ta rikiɗe ta zama hawa. Na rubuta wa hukuma a kan wannan, ba su amsa ba tukuna.

Shi kansa man, a 'yan shekarun nan ya zama kamar yadi a kasuwa, kowane sati da launin da ake yayi. Akwai ja, akwai ruwan shayi, akwai wani mai warin fenti da idan Dattijuwa ta sha take kwana tana ƙwanƙwasa kamar an kulle maƙeri a cikinta. Manyan motoci ba su damu ba, komai aka ɗura musu haɗiyewa suke yi. Ita kuwa tsohon ciki gare ta, abu kaɗan sai ya tayar mata da hankali.

Amma abin alfaharina shi ne Ajiya. Wata goma sha huɗu ban taɓa bari mai ya sauka ƙasa da yatsa biyun nan ba. Da ya kusa, sai in ajiye mota in taka da ƙafa. Na sha zama a bencin ƙofar shagon Tela, maƙwabcina, ina yi wa jama'a lacca cewa mutumin da ba shi da ajiya a tanki bai kamata a ba shi riƙon gida ba. Har na lura a watannin baya Dattijuwa kan fara tari tun mai yana yatsa uku, sai na ce wa Tela, "Ka gani? Ita ma ta koyi tattali. Tun kafin a kai ga ajiya take tuna mini."

Tela ya ciji zare ya ce, "Ko kuma dai tarin tsufa ne."

Tela mutum ne mai hassada.

Yanzu ga inda maganar take. Inna, mahaifiyar uwargidana, yanar ido ta rufe mata gani. Shekara shida abin yana ƙaruwa, har ta kai ba ta gane mutum sai da murya, jikokinta ma sai ta shafa kai take sanin wane ne. Wata goma sha ɗaya sunanta yana cikin jerin masu jiran aiki a asibitin ido, sai ga kati ya fito: Talata, ƙarfe goma na safe. A ƙasan katin an rubuta da jan biro cewa wanda ya makara sunansa zai koma ƙarshen layi. Wato wasu wata goma sha ɗayan, ga tsohuwar da ta haura saba'in.

Uwargida ta ce, "Mu nemi motar haya tun yanzu."

Na ce, "Da mota a gidan? Me mutane za su ce?"

"Za su ce mun isa."

"Masu hayar ma ai duk suna layin mai. Ki bar mini wannan."

Ta dube ni ta ce, "Idan Inna ta rasa ranar nan..." Ba ta ƙarasa ba. Zaman aure ya koya mini cewa maganarta da ba ta ƙarasa ba ta fi wadda ta ƙarasa hatsari.

Saboda haka ranar Litinin na ɗauki hutu a wurin aiki na shiga layi tun da sanyin safiya. Layin ya faro daga gidan mai, ya zagaya makarantar firamare, ya wuce shagon aski, ya ƙare daidai ƙofar gidana, abin da ya rage mini wahalar tafiya. Ba wanda ke tayar da inji. Turawa ake yi, taku uku a huta. Tela yana gefena da janaretansa a cikin baro, domin manya sun hana zuba mai a jarka, sai a tanki, shi kuwa tankin da yake da shi a duniya ke nan. Har lamba ya yi masa da kwali ya ɗaura a gaba, don kada a ce ba abin hawa ba ne.

Wajen hantsi rediyon motar da ke gabana ya kawo mana muryar Mai Girma Uban Sanarwa, Allah ya ƙara wa maƙogwaronsa lafiya. Shi ne wanda ya yi mana alkawari bara cewa layin mai zai zama tarihi cikin mako biyu, kuma bai yi ƙarya ba, don yanzu yara suna tambayar mu yaushe aka kafa shi. Wannan karon ya ce babu ƙarancin mai ko kaɗan, akwai ajiyar da za ta kai kwana arba'in, layin da ake gani kuwa jama'a ne kawai suke firgita kansu.

Tela ya ce, "Ka ji, ashe firgita muka yi."

Na ce, "Ni tun ƙarfe shida nake a firgice, har na fara gyangyaɗi."

"To ina ajiyar take?"

"Ajiya ai ba a taɓa ta, Tela. Ni na fahimce shi, ni ma ina da ita."

Mai Girma ya rufe da shawara cewa mu rage yawon banza, mu riƙa kashe inji idan mun tsaya. Na ji daɗi ƙwarai da na ga ilimina ya kai sama. Na taɓa wucewa ta ƙofar ofishin irin waɗannan bayin Allah, na ga motoci shida a jere suna ruri ba kowa a ciki. Na tambayi wani direba, ya ce sanyi ake tara wa Yallaɓai kafin ya fito daga taro, kuma ba a san wadda zai zaɓa ba.

Da la'asar, saura mota tara tsakanina da famfo, har ina jin ƙamshin abin, sai ga jiniya. Babban Kwamitin Shinshina da Ɗanɗano ne ya kawo ziyarar ba-zata, wadda aka share fili aka jera kujeru dominta tun da safe. Mota goma sha ɗaya. Na ɗauka kwalba za su ciro su ɗibi kaɗan su kai ɗakin gwaji. Ashe ilimi ya ci gaba, yanzu a cikin tanki ake gwajin. Kowace mota ta kafa baki aka cika ta har wuya. Shugaban Kwamiti, ransa ya daɗe, ya sauke gilashi rabi ya ɗaga babban yatsa, mai hoto ya ɗauka, suka wuce. Bayan tafiyarsu aka sayar wa mota shida, sai famfo ya yi atishawa ya yi shiru.

Na je wajen mai zuba man na ce, "Ɗan'uwa, ko lita biyu. Mara lafiya zan kai asibiti gobe."

Ya rataye bakin famfo ya ce, "Baba, wallahi sun gwada shi duka."

"To ya sakamakon?"

"Sun ce mai kyau ne."

Na yi masa godiya. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya san cewa man da bai samu ba mai kyau ne.

Na turo Dattijuwa gida, Tela ya turo baronsa. Na ɗaga kujera na tsoma sanda: yatsa uku da ɗan ɗoriya. Asibiti kilomita tara ne, kusan rabi gangara. Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu. Na gyara murya na ce mata, "Babu ƙaranci ko kaɗan. Akwai ajiya. Ke ce kawai kike firgita kanki." Sai da maganar ta fita na ji kamar na taɓa jin ta a wani wuri.

Talata muka fito takwas da rabi. Ya kamata ku san yadda muke da Inna. Ba ta kiran sunana, ba na ɗaga kai a gabanta, kuma duk maganar da za ta shiga tsakaninmu sai ta bi ta kan 'yarta, ko da kuwa taku ɗaya ne ya raba mu. Ta zauna a baya da jakarta da manyan gorunan ruwa biyu, daidai kan ramin tanki. Ta ce, "Ki ce wa maigidan naki Allah ya yi albarka." Uwargida ta ce, "Ta ce Allah ya yi albarka." Na ce, "Ki ce mata amin."

Kilomita huɗun farko Dattijuwa ta yi su kamar budurwa. Da muka kama hawan bayan kasuwar katako sai ta yi tari. Na shafa sitiyari. Ta sake yi, ta yi shaƙuwa, ta girgiza kamar mai zazzaɓi, ta mutu. Na ja birkin hannu, wanda shi ma sai an taimaka masa da dutse. Na murza makulli sau uku, sai kukan banza. Ƙarfe tara saura minti biyar.

Na ce wa uwargida, "Ki roƙi Inna ta ɗan sauko ta sha iska."

"Iskar me a tsakiyar titi?"

"A kan tankin take zaune."

Inna ta ce, "Ki ce masa na ji."

Aka fito da ita. Na tsoma sanda: yatsa uku ba kaɗan. Na nuna wa uwargida kamar mai gabatar da shaida a kotu. Ta ce, "To ka nuna wa motar."

Na kira Sifana na sa shi a lasifika. Ya ce yana layin mai a can ƙetaren gari, shi ne na arba'in da biyu, ko kakarsa ce ta kira ba zai bar wurin ba. Ya sa na duba fulogi, na jijjiga wayoyi, na bubbuga kan batir. Duk lafiya lau. Tara da minti biyar.

Sai na ji Inna ta ce, "Ki ce ya miƙo sandar nan."

Abin da na manta, ko in ce ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba, shi ne kafin ido ya hana ta, Inna ta shekara talatin tana sayar da kananzir da man girki da kwalba a bakin kasuwa. Ta karɓi sandar ta shafi ƙasanta, ta murza a yatsu, ta hura, ta sake murzawa. Sannan ta ɗan taɓa harshe. Sai ta juyo da fuska daidai inda take jin numfashina, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta yi mini magana kai tsaye.

"Kai, ɗan nan. Ruwa ne."

Na ce, "Ki ce wa Inna..."

"Bar ta, ni nake magana. Mai in ka hura shi a fata tashi yake yi. Wannan ya zauna. Ruwa ne, da ɗan mai a samansa, kamar yadda ake yi."

"Kamar yadda ake yi, Inna?" in ji uwargida.

"Kamar yadda marasa tsoron Allah suke yi. Mu a zamaninmu cokali ɗaya ake sa wa galan, shi ma da kunya." Ta miƙo mini sandar. "Su, nake nufi."

Sifana ya fashe da dariya a waya har na ji ana tambayar sa ko lafiya. Ya ce, "Yallaɓai, yaushe rabon da ka bar tankin nan ya ƙafe?"

Na ce da ragowar alfaharina, "Wata goma sha huɗu."

"Shi ke nan. Duk man da ka saya yana zuwa da ɗan ruwansa, ruwa kuwa ƙasa yake kwanciya. Mu da tankinmu ke ƙafewa kullum, mota tana haɗiye shi kaɗan-kaɗan, ta yi tari ta wuce. Kai kuwa ka zauna kana tara shi. Yau da ka hau tudu ya gangaro bakin bututu. Rijiya ka haƙa, Yallaɓai."

Jama'a, ku tsaya in yi godiya a nan, don ni ba butulu ba ne. Famfon gidanmu shekara biyu rabonsa da ɗiga. Na yi ta caccakar 'yan hukumar ruwa a wannan shafi, ashe zaluntar su na yi. Ba a daina ba mu ruwa ba, hanyar rabon aka canza. An haɗa shi da mai ne don a rage wa talaka zirga-zirga, layi ɗaya ka bi ka samu biyu. Wanda ya kawo wannan dabara a ƙara masa kujera. Kuma ina da 'yar shawara ga Mai Girma Uban Sanarwa, a matsayina na ɗan'uwansa mai ajiya: ranka ya daɗe, wannan ta kwana arba'in ɗin, a samu wata tsohuwa ta taɓa ta da harshe.

Tara da kwata. Uwargida ta tsaya a bakin titi tana ɗaga hannu. Motocin haya biyu suka wuce a cike, har da mutum a but. Ta dawo ta kama hannun mahaifiyarta. A nan dariya ta ƙare mini.

Inna ce ta karɓi mulki. "Akwai tiyo?" Akwai. "Zubar da ruwan gorunan nan." Muka zubar da ruwan sha mai kyau a ƙasa don mu samu inda za mu zuba ruwan mota. "Tsoma tiyon, kada ka kai ƙasa. Sama-sama, kamar mai kwashe kumfa. Ja." Hoton da aka ɗauka ke nan. Na ja, na haɗiye, na tofar, na sake ja. Zan iya shaida wa Kwamiti cewa na saman mai kyau ne, na gwada da kaina. Har yanzu idan na yi gyatsa uwargida tana matsar da ashana.

Gora ta cika aka ɗora ta a kan bonet ta natsu. Ga shi kuwa ƙiri-ƙiri, ruwa a ƙasa, mai a sama, da layi a tsakani kamar an ja da rula. Inna ba ta ganin layin, ba ta kuma buƙatar gani. Ta karkata wannan gora a kan waccan, yatsa a bakin gorar, tana tsiyayewa a hankali, da ruwa ya taɓo yatsan sai ta tsaya cak. Ko ɗigo bai zuba ba. Sau uku muka yi haka. Abin da tattalin wata goma sha huɗu ya haifar bai cika kwalbar lemo biyu ba.

Sifana ya koya mini sauran ta waya: in kwance ƙusar da ke ƙasan kafireta ruwan ciki ya tsiyaye, in zare tiyon da ke zuwa daga tanki in karkatar da shi ƙasa, in haɗa nawa tiyon daga gora kai tsaye. Ya ce, "Amma sai gorar ta fi inji tsawo, kuma kada ta girgiza. A samu mai tsayayyen hannu."

Na dubi uwargida. Inna ta ce, "Wannan? Ko shayi ta ɗauko sai rabi ya zube. Buɗe mini gaba."

Haka surukata, wadda ko a falo ba ta zama kusa da ni, ta shiga kujerar gaba ta fitar da hannu ta taga, gora a sama, tiyo ya bi ta ƙarƙashin bonet. Batir ya riga ya gaji, don haka uwargida ta cire dutse ta faɗo ciki, na bar Dattijuwa ta gangara da baya na saki kuloci. Ta yi tari, ta yi tsaki, ta kama. Tara da minti talatin da takwas.

Saura kilomita biyar, kuma ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Inna tana jin saukar mai a tafin hannunta tana ba ni labari: "Ɗaga ƙafarka, tana zuƙa kamar ɗan maraƙi." Tiyon tankin da muka karkatar yana ta fesa ajiyata a kan kwalta, muna tafe muna barin layi a baya kamar saniyar da ta sha ta ƙoshi. Masu babur suna nuna mu da baki. Da muka kai kan tudu, uwargida, matar da ta shekara tara tana cewa kashe inji a gangara rowa ce tsagwaronta, ta daki kafaɗata ta ce, "Kashe! Kashe mana, gangara ce!" Na so in tsaya in sa ta maimaita a gaban shaidu, lokaci ne bai ba ni dama ba.

A mahaɗar hanya mai ba da hannu ya tare mu, wasu manya za su wuce. Minti huɗu cur. Mota goma sha ɗaya, suna ta sheƙi, ba wadda ta yi ko gyaran murya.

Inna ta ce, "Su wane ne?"

Na ce, "Masu gwaji ne, Inna."

"Su yi sauri, kafaɗata ta fara mutuwa." Amma ba ta sauke hannun ba.

Man ya ƙare muna hango ƙofar asibiti. Inna ta girgiza gorar ta ce, "Shi ke nan." Wanda ya gina asibitin nan a gangare, Allah ya saka masa da alheri, ko da kuwa filin ne kawai ya samu a can. Muka sulale shiru muka shige, Dattijuwa ta tsaya da kanta a gaban maigadi. Ya dubi gora, ya dubi tiyo, ya dubi tsohuwa, ya ce, "Wacce ce mara lafiyar a cikinsu?"

Goma saura minti huɗu aka karɓi katin. Wata nas ta shinshina iska ta tambaya ko wani abu yana yoyo a ɗakin. Inna ta ce, "Surukina ne." Aka shiga da ita.

Jiya Laraba aka cire bandeji. Sifana ya wanke mini tanki ya sam mini lita biyu daga nasa, na je asibiti ɗauko Inna da uwargida. Ina tsaye a baranda suka fito. Ido ɗaya aka yi, ɗayan sai wani zagaye. Ta tsaya a bakin ƙofa tana ƙifta shi. Ta dubi bishiya, ta dubi sama, sannan ta kama fuskar 'yarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yaushe kika fara kama da ni?" Uwargida tana kuka tana dariya. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido, ina jin ragowar fetur ne.

Sai ta juyo kaina, ta dube ni daga sama har takalmi, ta ce, "Allah sarki. Muryarka ta fi ka ƙuruciya."

Na yi godiya, na wuce na buɗe mata ƙofar gaba, tunda yanzu mun zama abokan aiki. Ba ta shiga ba. Ta ja da baya taku biyu, sannan ta fara zagaya Dattijuwa a hankali. Ta ga ƙofar da ke ɗaure da waya. Ta ga fitilar da aka liƙe da salatif, da tayar da zare ya leƙo, da madubin gefe da na aro daga jakar kwalliyar uwargida. Ta sunkuya ta leƙa wajen sa ƙafa, ta hango kwalta ta cikin ramin da ke wurin.

"Da na san ta fara ce," ta ce. "Kuma launi ɗaya."

"An ɗan yi gyare-gyare, Inna."

"A cikin wannan nake shiga duk shekarun nan?"

"Ita ce, Inna."

"Har da jikokina?"

"Wani lokaci."

Ta gyara mayafi ta ce wa 'yarta, "Tsayar mana da motar haya. Ido ɗaya gare ni, yau na same shi, ba zan kai shi inda zai lalace ba."

Na bi su a baya ni kaɗai. A hanya na yi tunani, na kuma janye duk ƙorafin da na taɓa yi a kan tsawon layin asibitin ido. Manyanmu sun fi mu hangen nesa. Ido ɗaya tak aka buɗe a gidana, na rasa fasinja. Ku ƙiyasta a buɗe na kowa rana ɗaya, jama'a su fito su zagaya su ga abin da aka daɗe ana ɗaukar su a ciki. Ranku ya daɗe, a ci gaba da yi mana ɗaya-ɗaya.